A Bar Grand Prismatic da Launinta

Duk mai bibiyar hotunan yawon buɗe ido a Instagram ya san wannan hoton: tafki zagayayye, tsakiyarsa shuɗi kamar rinin baba, bakinsa rawaya da ja kamar an hura wuta. Grand Prismatic ke nan a gandun Yellowstone, maɓuɓɓugar ruwan zafi mafi girma a Amurka, faɗinta ya haura mita 100. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu hoto ke murɗa launinta a waya ko kwamfuta har ta koma kamar atamfar sallah.

Launin nan yana da dalili. Tsakiyarta ta yi shuɗi ne saboda ruwan yana da zurfi, ga tsabta, ga zafin da kusan babu abin da zai rayu a ciki. Da ka matso gefe ruwan yana ɗan hucewa, sai ƙwayoyin halitta masu son zafi su shimfiɗu kamar tabarma, kowane iri da zafin da yake jurewa, kowane da launinsa. A lokacin zafi sun fi karkata ga ja da ruwan goro, da hunturu su koma kore-kore. Mai ido zai iya karanta zafin ruwa da lokacin shekara daga hoto guda, muddin ba a cika masa gishiri ba. Kuma kada a raina ƙwayoyin nan: a irin waɗannan maɓuɓɓugai na Yellowstone masanin kimiyya Thomas Brock ya gano ƙwayar Thermus aquaticus a shekarun 1960, wadda sinadarinta ya zama ginshiƙin gwajin PCR da muka sha jin sunansa lokacin korona.

Sai kuma kwaɗayin hoto daga sama ko daf da ruwa. A 2014 ƙaramin jirgi marar matuƙi na wani ɗan Holan ya faɗa cikin Grand Prismatic, alhali an riga an hana tashin irinsu a gandayen ƙasar. A 2016 wasu matasa 'yan Kanada suka sauka daga gadar katako, suka taka bakin ruwan don bidiyo. Har Pierce Brosnan, tsohon James Bond, ya amsa laifi a 2024 kan barin hanya a yankin Mammoth na gandun, kuma hoton da ya wallafa ne ya tona shi. Wannan ba Wikki ta Yankari ba ce, inda ruwa ke da ɗumi kamar digiri 31 kana iyo abinka. A nan ƙasar ɓawo ce siririya a kan tafasasshen ruwa, kuma fiye da mutum 20 sun rasa rayukansu. Tun 2017 ma akwai dandalin kallo a kan tudu ta hanyar Fairy Falls, mai son ganin zoben launin sai ya hau can da rana tsaka, lokacin da tururi ya ragu.

Ni dai hotunan tururin sun fi burge ni. Da sanyin safiya yakan rufe ruwan, amma ya ɗauko shuɗi da ja daga ƙasa ya riƙe su a iska. A Old Faithful kuwa, maɓuɓɓugar da ke feshin ruwan zafi sama, aikin na jira ne, kamar minti 90 tsakanin feshi da feshi. Ka duba inda iska ke kaɗawa, don yayyafin yana barin tabo a gilashin kyamara in ba ka goge nan take ba.

Mai ɗaukar hoto William Henry Jackson ya zo Yellowstone a 1871 da faranten gilashi a bayan alfadarai. Hotunansa baƙi da fari ne, babu ko ɗigon launi, kuma suna cikin abin da aka nuna wa majalisar Amurka kafin ta keɓe wurin a 1872.