Asalin Ɗan Wasa Da Tasirinsa A Wasan Kwaikwayon Hausa

1.0 Gabatarwa

 Duk wanda ya duba irin nazarce-nazarcen da ake yi a makarantunmu a kan wasan kwaikwayon Hausa, zai tarar yawancinsu sun tsaya ne ga rubutattun wasanni, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. A kan feɗe jigo da zubi da salo, a yaba wa marubuci ko a kushe shi, amma shi wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ba wasan rai, da wuya a ambaci ko sunansa. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan hanya ta bar babban giɓi. Dalili kuwa shi ne, mafi yawan wasannin da Hausawa suka saurara a rediyo, ko suka kalla a talbijin da bidiyo, ba su da cikakken rubutu. Shugaban shiri yakan tsara labari a taƙaice, ya raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa nan take. Ke nan ɗan wasa yana da rabo babba a cikin mawallafan wasan, kuma abin da ya zo da shi daga gidansu da sana'arsa ta farko shi ne tawadar da yake rubutu da ita.

2.0 Makarantun Da Suka Yaye 'Yan Wasa

Kafin mu ɗauki misalai, ya kamata mu san inda 'yan wasan Hausa suka koyi aikinsu. Ana iya kasa wuraren kashi uku.

Na farko shi ne dandalin gargajiya. A wasan tashe, wanda yara da samari ke yi a watan azumi, yaro yakan koyi shiga irin ta tsoho ko ta maharbi, ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa. Haka kuma 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai, suna juya shi zuwa zancen tuwo da miya don ba da dariya. Daga nan aka gaji iya magana ba shiri, da kuma dabarar ɗaukar abin da kowa ya sani a murɗe shi.

Na biyu shi ne gidajen watsa labarai na gwamnati. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna a shekarar 1962, aka sami ma'aikata waɗanda ke haɗa aikin ofis da wasa. Umaru Ladan, wanda ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976, shi ne kuma ya yi aikin mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo tare da Dexter Lyndersay. Wato a wannan makaranta ana iya samun mutum guda ya zama marubuci kuma ɗan wasa.

Na uku shi ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, musamman a Kano. Ɗaya daga cikinsu, wato Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na kasuwa a Kano. Daga wannan lokaci mai saye a kasuwa ya zama alƙali, a maimakon shugaban sashen shirye-shirye.

3.0 Samanja: Bariki A Bakin Mai Ita

Babu misalin da ya fi na Usman Baba Pategi fitowa fili. An haife shi a 1942 a garin Pategi, ƙasar Nufe, a gidan sarauta. Ya yi aikin soja, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna, inda shirinsa na Samanja Mazan Fama ya shahara tun daga shekarun 1970, a rediyo da talbijin. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023.

Abin lura a nan shi ne lokacin da shirin ya fito. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa sojojin Nijeriya sun ƙaru daga wajen dubu 10 zuwa wajen dubu 250, saboda haka da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗa ko maƙwabci a bariki. Ga kuma mulkin soja, wanda ya sa talaka yana ganin mai kaki da tsoro. Samanja ya ɗauki wannan mutumin da ake tsoro ya shigo da shi ɗakin kowa, da tsawarsa da fankamarsa, da kuma yadda al'amuran gida ke gagarar sa bayan ya gama ba da oda a filin fareti. Dariyar da jama'a suka yi masa ta rage musu tsoro, ba tare da an wulaƙanta aikin soja ba.

Ƙarfin wasan yana cikin harshe. Samanja yana gauraya Hausa da Turancin bariki da Ingilishin buroka, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon wanda yake magana da shi da kuma zafin fushinsa. Marubucin da ke zaune a ofis ba zai iya tsara wannan a takarda ba, domin sai wanda ya kwana a bariki ya san inda kurtu ke karya kalma da inda babba ke jan ta. Daɗin daɗawa, kasancewarsa Banufe ya dace da matsayin ƙwarai, domin Hausar bariki tun asali harshe ne na haɗa kabilu daban-daban a ƙarƙashin tuta guda.

Akwai makamancin wannan a Jamhuriyar Nijar. Oumarou Ganda, Bazabarme, ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocin, ya kuma yi dako a Abijan kafin ya fito a fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir a 1958. Da ya zo shirya fim nasa, wato Cabascabo, labarin tsohon soja da ya komo gida ya ɗauka, ya kuma fito a matsayin da kansa.

4.0 Ibro: Inda Sana'a Ba Ta Isa Bayani Ba

Kada mu ɗauka cewa sana'ar farko ita kaɗai ce asali. Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro, an haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta Jihar Kano, ya kuma yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya duƙufa ga fim. Amma wanda ya kalli finafinansa ba gandiroba zai gani ba. Zai ga baƙauye mai wayon tsiya wanda ya shigo birni, ko mai ƙaramin ƙarfi da ke neman na tuwo ta kowace hanya. Idan aka dubi yadda yake ɗaukar waƙar da ake yayi ya sauya mata baituka, kamar yadda ya yi wa kiɗan Awilo Longomba na Kwango a Ibro Awilo, za a ga hannun 'yan kama sarai. Saboda haka asalin Ibro a wasa shi ne dandalin ƙauye da bakin kasuwa.

Wannan gado yana da haɗarinsa. Ɗan kama yana da wata kariya ta al'ada, domin kowa ya san wasa yake yi, kuma maganarsa takan ƙare a inda aka yi ta. Kaset kuwa yana shiga ko'ina, ya kuma daɗe. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke wa Ibro hukuncin ɗauri, tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin ɗaurarre. Ya rasu a watan Disamba na 2014.

5.0 Matsayin Da Ke Cinye Mai Shi

Daga waɗannan misalai biyu za mu ga wata illa. Ɗan wasan da ya gina matsayi da kayan gidansu yakan yi fice da wuri, amma sau da yawa matsayin yakan haɗiye shi. Mutane da yawa ba su san sunan Usman Baba Pategi ko Rabilu Musa ba, Samanja da Ibro suka sani. Masu shirya fim kuma, da suka ga abin da ke sayuwa, sai suka riƙa maimaita shi, har finafinan da ke ɗauke da sunan Ibro suka yi yawan da ingancin wasu daga cikinsu ya ragu. Haka abin ya kasance ga Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta yi aikin koyarwa kafin ta shiga fim, ta rasu a 2024. Iya tsawa da kaifin harshenta sun sa an fi ba ta matsayin muguwar mace, har wasu masu kallo suka kasa raba ta da matsayin.

Wanda ya fi kauce wa wannan tarko shi ne Kasimu Yero, mutumin Zariya, wanda ya rasu a 2017. Ya yi barkwanci a Karambana, ya fito a shirin Magana Jari Ce na talbijin, ya kuma taka matsayin Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin Ingilishi na NTA a kan aikin gona wanda aka fara a 1980. A ganina shi ne ya fi nuna bambancin da ke tsakanin mai nuna abin da ya sani da mai iya shiga rigar wani. Na farko baiwa ce da gogewa, na biyu kuwa yana bukatar horo da lura da halayen mutanen da ba irinka ba.

Zamanin bidiyo ya kawo wani asali dabam. Ali Nuhu, wanda aka haifa a Maiduguri a 1974, ya karanci labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya yi suna da Sangaya a 1999, aka kuma naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024. Shi da tsararrakinsa sun tashi ne da kallon finafinan Indiya a gidajen silima, don haka suka zo da soyayya da rawa da waƙa. Wanda zai soki wannan salo ko ya yaba masa, dole ya fara sanin abin da waɗannan samari suka kalla suna yara.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa a wasan da ba a rubuta ba, rayuwar ɗan wasa wani ɓangare ne na matanin da muke nazari. Shawarata ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi guda uku ce. Ta farko, a riƙa ba ɗalibai aikin tattara tarihin 'yan wasan da ke raye daga bakinsu, a tambaye su inda suka tashi, da sana'ar da suka yi, da wanda ya koya musu wasa. Ta biyu, a nemi haɗin kan gidajen rediyo da talbijin a kwafe tsofaffin faya-fayai, a kuma rubuta maganganun da ke ciki yadda aka faɗe su, ba tare da gyara Hausar ba. Ta uku, a sa nazarin ɗan wasa a cikin manhaja, kusa da jigo da zubi da salo. Ibro da Kasimu Yero da Samanja da Daso duk sun rasu a cikin shekara 10, daga 2014 zuwa 2024, kuma kowannensu ya tafi da amsoshin tambayoyin da ya kamata a ce mun yi masa. Waɗanda suka yi aiki tare da su suna nan, sai mu hanzarta.