Ƙishirwar Mai Zari da Yunwar Wanda Aka Zalunta: Nazari Kan Darasin Kwaɗayi a Ƙungiyar Matasa ta Wake Up

Gabatarwa

A shekarar 2008, Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buda ɗan ƙasar Biyetnam, ya kafa ƙungiyar matasa mai suna Wake Up, wato "Farka", daga cibiyarsa ta Plum Village da ke kudu maso yammacin Faransa. Ƙungiyar ta 'yan shekara 18 zuwa 35 ce, ƙofarta kuma a buɗe take ga mabiya Buda da waɗanda ba mabiyansa ba. Sukan taru su zauna shiru suna bin numfashinsu da hankali, a kaɗa ƙararrawa, sa'an nan kowa ya faɗi abin da ke ransa, saura na saurare ba tare da mai da martani ba. An gina tarbiyyar ƙungiyar a kan wani gajeren matani na ƙa'idojin horo biyar, wanda aka sabunta lafazinsa a 2009. Batun kwaɗayi da maƙalewar zuciya ga abin duniya ya ratsa matanin daga farko har ƙarshe.

Nazarin irin wannan matani ba baƙon abu ba ne ga malaman Musulunci. Ibnun Nadim ya yi magana a kan mabiya Buda a cikin Alfihiris da sunan Sumaniyya, Shaharastani (ya rasu 548H) kuma ya keɓe musu wuri a cikin Almilal wan Nihal. Ban da wannan, masu matanin sun gabatar da shi a matsayin ɗa'ar da ta dace da kowa a duniya. Abin da aka ce na kowa ne kuwa, kowa na da damar ɗora shi a sikeli. Wannan maƙala za ta fara da tantance abin da Buda ya koyar, sa'an nan ta auna matanin da halin matasan Birnin Gwari, ƙasar da kwaɗayi da rashi suka daɗe suna fuskantar juna.

Abin da Buda ya koyar da abin da ake jingina masa

Ya yaɗu a tsakanin ɗalibai cewa Buda ya umarci mutum ya kashe kowace irin sha'awa. Wannan fahimta tana buƙatar gyara, domin adalci ga abokin saɓani wajibi ne. A huɗubarsa ta farko, a Isipatana kusa da Banaras ta Indiya, ya shimfiɗa gaskiya huɗu: akwai wahala, tana da tushe, tana da ƙarshe, akwai kuma hanyar kai wa ga ƙarshenta. Kalmar da nassin harshen Pali ya yi amfani da ita ga tushen wahala ita ce tanha, ma'anarta ta asali ƙishirwa. Iri uku ce: ƙishirwar jin daɗin gaɓɓai, da ƙishirwar wanzuwa da zama wani abu, da ƙishirwar gushewa. Idan tanha ta yi ƙarfi sai ta haifi upadana, wato maƙalewa, kalmar da kuma take nufin makamashin wuta. Maƙalewar ta kasu huɗu: ga jin daɗi, ga ra'ayi, ga al'adun ibada, da ga aƙidar samuwar kai.

Nassin yana da wata kalma dabam, canda, wadda ke nufin nufin aikata abu, kuma ana yabonta idan ta fuskanci alheri. Shi kansa Buda ya bar azabtar da jiki bayan shekara shida yana yi, ya kira hanyarsa matsakaiciya. A huɗubar Sigalobada ya yi wa wani saurayi mai suna Sigala nasiha ya raba dukiyarsa kashi huɗu: ɗaya ya ci, biyu ya juya a sana'a, ɗaya ya ajiye don ranar tsanani. Wanda ke koyar da saurayi tattalin jari bai haramta masa neman duniya ba. Thich Nhat Hanh ma, a littafinsa The Heart of the Buddha's Teaching na 1998, ya yi jayayya da masu mai da kwaɗayi tushe ɗaya tilo na wahala, ya nuna cewa fushi da jahilci da girman kai suna tare da shi a jeri.

Inda matanin ya yi rawar gani

Ƙa'idojin biyar sabuwar riga ce da aka sa wa tsoffin hane-hane biyar na mabiya Buda: kisa, sata, fasiƙanci, ƙarya da maye. Hikimar marubucin ita ce ya juya kowane hani ya koma alkawarin da saurayi yake ɗauka da bakinsa, bayan ya fara ambaton cutar da abin ke jawowa. Ƙa'ida ta biyu ta faɗaɗa hanin sata ya haɗa da tseren neman dukiya da suna da mulki. Ta uku ta rarrabe tsakanin sha'awa da ƙauna. Ta biyar ta fi sauran dacewa da zamani, domin ta ɗauki duk abin da ke shiga ido da kunne a matsayin abinci, ta haɗa caca da giya da ƙwaya da wasu shafukan intanet da fina-finai a layi ɗaya na guba.

Nan ƙarfin matanin yake. Tsohuwar koyarwar ta jera matakai: gaɓa ta haɗu da abu, ji ya taso, ƙishirwa ta biyo baya, maƙalewa ta kafu. Horon ƙungiyar yana koya wa saurayi ya tsaya a tsakanin ji da ƙishirwa, ya gane abin da ke tasowa kafin ya rinjaye shi. Ɗalibin da ya karanci bayanin malaman tarbiyya a kan yadda saƙe-saƙen zuci ke girma ya zama ƙuduri, ƙuduri ya zama aiki, zai gane filin nan take. Hausawa sun taƙaita shi da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Matanin ya ƙara da nuna yadda mabuɗin ke juyawa a cikin kuba, wannan kuwa fa'ida ce ga duk mai tarbiyyar matasa.

Gwaji a Birnin Gwari

Masarautar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da Neja da Zamfara da Katsina. Dajin Kamuku da ke cikinta ya haɗe da dazuzzukan maƙwabta. Ƙasa ce ta noman masara, akwai kuma zinariya a ƙarƙashinta. Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari tana cikin hanyoyin da matafiya suka fi tsoro, saboda fashi da satar mutane don kuɗin fansa. Manoma sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shuka, sun kuma biya kafin su girbe. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya karɓi 'yan bindigar da suka amince da sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta shekara wajen goma a rufe.

A irin wannan ƙasa ana iya ganin matasa iri uku. Akwai wanda ya shiga daji ya ɗauki bindiga. Akwai wanda ya bar gona ya shiga ramin zinariya. Akwai kuma wanda aka sayar da shanu da hatsin gidansu don a fanso mahaifinsa. Dukansu uku suna son kuɗi, to amma son nasu bai zama iri ɗaya ba. Ga na farko, bayanin tanha ya zauna daram: babur ya kira babur, fansa ta kira fansa, wutar na cin makamashi tana neman ƙari. Ga na biyu, bayanin ya kama rabi, domin zari da buƙata sun cakuɗe a zuciyarsa. Ga na uku kuwa, matanin ba shi da abin faɗa wanda ba zai zama ƙarin rauni ba.

Dalili yana cikin ƙa'ida ta biyu. Tana koyar da cewa farin ciki ya rataya ne ga halin zuciya fiye da yanayin waje, kuma wanda ya lura da kyau zai tarar abin da yake da shi a yanzu ya ishe shi. Wannan magani ne ga ɗalibin jami'a a Faris wanda tallace-tallace suka hana shi barci. Idan aka karanta wa wanda aka ƙwace wa gona, ya koma umarnin yin shiru. Gaskiya ne ƙa'idar ta buɗe da ambaton zalunci da danniya, ta kuma yi alkawarin taimakon mabuƙata. Amma muryar da ke ɗaukar alkawarin, daga farkon matanin zuwa ƙarshensa, muryar mai rara ce wanda ake tsoron ya cutar da wani. Wanda aka cutar yana bayyana a matsayin abin tausayi kawai. Ba a ba shi baki ya nemi haƙƙinsa ba.

Ba za a zargi marubucin da rashin sanin yaƙi ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya kafa makarantar horar da matasa aikin al'umma a Saigon, ɗalibanta suka riƙa sake gina ƙauyukan da yaƙi ya rusa, aka kuma kashe wasu daga cikinsu. Shi kansa ya shekara 39 a gudun hijira, ya rasu a 2022. Giɓin ya samo asali ne daga masu sauraron da aka rubuta wa matanin, waɗanda ciwonsu yawan abu ne.

Tsohon nassi ya fi sabo ganin nesa

Abin lura shi ne tsofaffin nassosin Buda ba su da wannan giɓi. A huɗubar Kutadanta, cikin tarin Diga Nikaya, an ba da labarin wani sarki da ya so yin babbar hadaya alhali 'yan fashi sun addabi ƙauyuka sun tare hanyoyi. Malamin fadarsa ya gargaɗe shi cewa kisa da ɗauri da tara ba za su kawar da annobar ba, domin waɗanda suka tsira za su ci gaba. Ya ba shi shawara ya bai wa manoma da makiyaya iri da abincin dabbobi, ya bai wa 'yan kasuwa jari, ya biya ma'aikata albashin da zai ishe su. Wata huɗubar, Cakkabatti Sihanada, ta jera yadda hana mabuƙata dukiya ya haifi talauci, talauci ya haifi sata, sata ta haifi ɗaukar makami. Mutumin Birnin Gwari zai ji waɗannan labarai kamar a ƙofar gidansa aka tsara su. Sun ɗora nauyi a wuyan mai mulki, abin da matanin matasan bai yi ba.

Akwai wani abin da aka sauke a hanya. A tsohuwar koyarwar ana barin ƙishirwa ne domin ita ke jawo maimaita haihuwa, manufa kuma ita ce nibbana, mutuwar wutar gaba ɗaya. Ƙa'idojin biyar ba su ambaci maimaita haihuwa ba, don kada ƙofa ta ƙuntata ga wanda ba mabiyi ba. Musulmi bai yarda da waccan aƙida ba, amma yana iya ganin aikin da take yi wa masu ita: ita ce ke tabbatar musu cewa aiki yana bin mai shi bayan mutuwa. Da aka cire ta, saura lafiyar zuciya a matsayin lada da ukuba. Wanda ya yi kisa kuma yana barci lafiya, matanin ba shi da wata kotu da zai kai shi.

Mahangar malaman Musulunci

Imam Gazali (ya rasu 505H) ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumid Din cewa manufar horon rai ita ce daidaita sha'awa da fushi, domin da sha'awar abinci ta gushe da mutum ya halaka, da ta aure ta gushe da zuriya ta yanke. A nan tazararsa da matsakaiciyar hanyar Buda ga mutanen gida ba ta kai yadda ake zato ba. Saɓanin yana wani wuri. A Musulunci rai tabbatacce ne, za a yi masa hisabi a gaban Mahaliccinsa, kuma abin da aka ƙwace haƙƙi ne mai mai shi. Suratul Ma'arij ta kira rabon mabuƙaci a cikin dukiyar mawadaci haƙƙi. Malamai, irin su Nawawi a cikin Riyadus Salihin, sun sa mai da abin da aka zalunta cikin sharuɗɗan tuba.

Gazali ya kuma shar'anta cewa zuhudu barin abin da mutum ke da ikon samu ne. Ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya ƙi a kira shi mai zuhudu, ya ce sunan ya fi dacewa da Umar ɗan Abdul'aziz da duniya ta zo wa ya juya mata baya. Labaran gudun duniya mafiya shahara duk na masu abin hannu ne: Siddatta ɗan sarki, da Ibrahim ɗan Adham na Balkhu. A ƙasar Hausa ma, lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, kamar yadda ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat, kukansa a kan waɗanda suka sami mulki da dukiya ne, littafin da ya rubuta a can kuma, Diya'ul Hukkam, ga masu hukunci ya fuskanta.

Kammalawa

Matanin Wake Up ya ƙware wajen nuna wa saurayi yadda kwaɗayi ke kama zuciya, ya gaza wajen rarrabe ƙishirwar mai zari da yunwar wanda aka zalunta. Wannan aibi bai keɓanta da mabiya Buda ba. Mai wa'azin da ya hau mumbari a Birnin Gwari ya karanta babin wadar zuci ga waɗanda aka kora daga gonakinsu, ya kuma tsallake babin mai da haƙƙi ga waɗanda suka kore su, ya faɗa ramin da matanin ya faɗa, alhali littattafansa sun riga sun nuna masa bakin ramin. Yanzu da kasuwa ta buɗe, masu tuba da waɗanda aka cuta suna iya haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a. Aikin malami shi ne ya san wanda zai karanta wa babin zuhudu, da wanda zai karanta wa babin haƙƙi. Allah Shi ne mafi sani.