BABI NA HUƊU: LADUBBAN KWARMATA LABARI A SHARHIN SHINGEKI NO KYOJIN

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba wata matsala da take tasowa a duk lokacin da aka mayar da labarin zane na Japan, wato manga, zuwa fim na zane mai motsi, wato anime. Matsalar ita ce, labari ɗaya yakan samu jama'a iri biyu: waɗanda suka karanta littafin suka yi nisa, da waɗanda suke bin fim ɗin kawai suna baya. Idan suka haɗu wurin tattaunawa, mai karatu yakan faɗi abin da mai kallo bai kai gare shi ba. Japanawa suna kiran wannan ɗabi'a netabare. A wannan nazari an zaɓi a kira ta kwarmato, domin kalmar ta ƙunshi fitar da abin da aka ɓoye tun lokacin fitarsa bai yi ba.

An ɗauki Shingeki no Kyojin na Hajime Isayama, wanda aka fi sani da Attack on Titan, a matsayin abin misali. Ya kamata a sanar da mai karatu tun daga nan cewa babin zai bayyana abubuwan da suka faru har zuwa kashi na 31 na fim ɗin, wanda ya yi daidai da babi na 42 na littafin. Ba za a taɓa abin da ya biyo bayan wannan iyaka ba.

4.1 Asalin Tazara Tsakanin Mai Karatu da Mai Kallo

Kafin a yi maganar ladubba, wajibi ne a fahimci inda tazarar ta samo asali. Isayama ya fara buga labarinsa a mujallar Bessatsu Shonen ta kamfanin Kodansha a watan Satumba na 2009, babi ɗaya a kowane wata, ya kuma kammala a watan Afrilu na 2021 da babi 139 cikin juzu'i 34. Shi kuwa fim ɗin yana fitowa ne mako-mako, kuma kashi ɗaya na kimanin minti 24 yakan cinye babi ɗaya ko biyu. Ke nan abin da marubuci ya yi wata guda ko biyu yana zanawa, fim yakan haɗiye shi a mako ɗaya. Saboda haka dole masu shirya fim su tsaya su jira littafi ya ƙara nisa.

Zangon farko mai kashi 25, wanda kamfanin Wit ya shirya, ya fito a 2013, ya kuma ƙare a wajen juzu'i na takwas. Zango na biyu mai kashi 12 bai fito ba sai a watan Afrilu na 2017. Haka kuma ƙarshen labarin, wanda masu karatu suka sani tun Afrilun 2021, bai isa ga masu kallo ba sai a Nuwamban 2023, bayan kamfanin MAPPA ya karɓi aikin. Idan aka lura, za a ga cewa tazarar ta samo asali ne daga yadda sana'ar take tafiya. Mai kallo bai yi sakaci ba, domin ko da ya kalli kowane kashi a daren da ya fito, yana bayan mai karatu da shekaru. Wannan ya sa hujjar nan da ake yawan kawowa, cewa labari ya daɗe da fita don haka kowa ya ji da kansa, ba ta da ƙarfi a nan. Labarin ya daɗe a takarda, amma a fim sabo ne.

4.2 Abin da Kwarmato Yake Ɓatawa

Labarin ya ginu ne a kan mutanen da suke zaune cikin ganuwa uku masu tsawon mita 50, don tsoron ƙatti masu cin mutane. A farkon labari wani ƙato mai tsawon mita 60 ya fasa ƙofar garin Shiganshina, wani mai sulke kuma ya fasa ƙofar ciki ta ganuwar Maria. A wannan rana ce tauraron labarin, Eren, ya rasa mahaifiyarsa. Daga nan tambayar da take jan zaren labarin ita ce: su wane ne waɗannan ƙatti biyu, kuma daga ina suke?

Amsar ta zo a kashi na 31. Reiner da Bertholdt, abokan Eren da suka yi horon soja tare, su ne ƙattin. Reiner kuwa shi ne wanda sauran ƙuratan suke ɗauka tamkar babban wansu. Abin lura a nan shi ne salon da aka bi wajen fitar da maganar. Ba a yi mata wata shimfiɗa ba. Sojoji suna tafiya a kan ganuwa a gajiye, hankalin mai kallo yana kan wasu taurari, sai Reiner ya ja Eren gefe ya faɗa masa cikin sanyin murya, kamar mai ba da saƙon gida. Ƙarfin wannan fitowa ya dogara ne kacokan a kan rashin sanin mai kallo, domin abin da ake so shi ne ya yi shakkar kunnensa, kamar yadda Eren ya yi. Wanda aka riga aka gaya wa zai ga hoton, zai ji maganar, amma ba zai shiga halin da marubuci ya tanadar masa ba.

Juzu'i na 10, wanda ya ƙunshi wannan babi, ya fito a watan Afrilu na 2013, wato watan da aka fara nuna zangon farko. Kashi na 31 kuwa sai a watan Mayu na 2017. Ke nan tsawon shekara huɗu masu karatu suna riƙe da wannan sirri a gaban masu kallo, kuma jimla ɗaya ta isa ta rushe shi.

Bugu da ƙari, Isayama ya binne alamomi tun da wuri. A kashi na 17 wata ƙatuwa ta damƙe Reiner a tafin hannunta, ya yanka yatsunta ya kuɓuta, ita kuma ta dubi tafin hannun nata sannan ta sauya hanya zuwa inda Eren yake. A kallon farko wannan jaruntaka ce. A kallo na biyu sai a gane saƙo ya rubuta mata. Wannan ya nuna cewa an gina labarin ne don a more shi sau biyu, sau ɗaya cikin duhu, sau ɗaya cikin sani. Kallo na biyu yana nan ko yaushe aka so shi. Kallon farko kuwa sau ɗaya ake samunsa, kuma shi ne mai kwarmato yake ƙwacewa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

4.3 Ra'ayin Masu Ganin Kwarmato Ba Ya Cutarwa

Akwai masu ganin an cika zuzuta wannan matsala. Sukan kafa hujja da binciken da Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka wallafa a 2011. Sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, wasu an gaya musu ƙarshen labari tun kafin su fara, wasu ba a gaya musu ba, sai aka tarar waɗanda aka gaya wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya, domin ko a tatsuniya yara sun san Gizo zai yi wayo, kuma sanin bai hana su roƙon a maimaita musu ba.

Sai dai wannan nazari yana ganin ba za a ɗora sakamakon binciken a kan Shingeki no Kyojin kai tsaye ba, saboda dalilai biyu. Na farko, gajeren labari a zama ɗaya ake karance shi, alhali wannan labari an shekara goma ana kallonsa, kuma babban rabo na jin daɗinsa yana cikin hasashe da muhawarar da masu kallo suke yi tsakanin mako da mako. Wanda ya san amsa ya fita daga wannan muhawara. Na biyu, ko da a ce wasu sun fi son su san ƙarshe, hanyar sani a buɗe take gare su, tunda littafin yana kasuwa. Wanda ba ya so kuwa, idan aka gaya masa, ba shi da hanyar komawa. Ashe ke nan tushen ladabin shi ne a bar wa mutum zaɓinsa.

4.4 Ire-iren Kwarmato

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya kasa kwarmato gida huɗu.

Na farko shi ne kwarmaton kai tsaye, kamar a ce wane ne ƙato mai sulke. Wannan kowa ya san laifi ne, don haka ya fi sauƙin kaucewa.

Na biyu shi ne kwarmaton hannunka-mai-sanda. Mai karatu bai faɗi komai ba a zahiri, sai dai ya ce wa mai kallo ya sa ido a kan Reiner, ko ya yi murmushi idan an yabi kirkinsa. A labarin da aka gina a kan tambayar wane ne maci amana, nuna mutum da yatsa daidai yake da kiran sunansa.

Na uku shi ne kwarmaton shigar burtu. A nan mai karatu yakan shiga cikin masu kallo, ya kawo abin da ya karanta a matsayin hasashensa, don a yabe shi da kaifin basira idan abin ya tabbata. A ganin wannan nazari wannan ya fi sauran muni, domin ya haɗa da yaudara, kuma yana sa a riƙa zargin duk wanda ya yi hasashe na gaskiya ya dace.

Na huɗu shi ne kwarmaton kwatance, wanda ya fi fitowa idan fim ya saɓa wa littafi. Misali, Hiromu Arakawa ta buga Fullmetal Alchemist daga 2001 zuwa 2010. Fim na farko mai kashi 51 ya fara a 2003 lokacin da littafin bai yi nisa ba, don haka ya kama tasa hanyar, ya yi nasa ƙarshen. Na biyu mai kashi 64, wanda ya fara a 2009, shi ya bi littafin sau da ƙafa. A irin wannan hali, mutum yana iya cewa a littafi ba haka wane ya ƙare ba, yana ganin kwatance kawai ya yi, alhali ya tona asirin ɗaya labarin.

Akwai kuma fitar da hotunan babi tun kafin mujalla ta shiga kasuwa. Wannan ya wuce batun ladabi ya shiga na shari'a. A watan Fabrairu na 2024 'yan sandan Japan sun kama mutum biyu bisa zargin yaɗa shafukan mujallar Shonen Jump kafin ranar fitarta.

4.5 Matsayin Manazarci

Tambayar da ta rage ita ce, yaya manazarci zai yi? Wanda ya saba da nazarin ƙagaggun labarai ya san cewa warwarar jigo tana buƙatar a bi labari daga farko har ƙarshe, kuma ba a iya tattauna zubi da tsari ba tare da an faɗi inda zaren ya ƙulle da inda ya warware ba. Da a ce an hana ambaton sirrin Reiner baki ɗaya, da ba a iya nuna hikimar kashi na 17 ba. Saboda haka hana manazarci magana ba mafita ba ne. Abin da wannan nazari yake ba da shawara shi ne a kiyaye sharuɗɗa kamar haka.

Da farko, a faɗi iyaka da lamba tun a buɗe magana, wato kashi kaza ko babi kaza. Cewa kawai akwai kwarmato a gaba bai wadatar ba, domin mai karatu bai san ko ya wuce wurin ko bai kai ba. Sannan a auna iyakar da inda fim ya tsaya idan da masu kallo ake magana, ko da littafin ya daɗe da wuce nan. Haka kuma kada take ko hoton da aka sa a gaba ya ƙunshi sirrin, tunda ido yana faɗawa kansu kafin ya kai ga gargaɗi. Daga ƙarshe, kada a fitar da sirrin da hujja ba ta buƙace shi ba. A sashe na 4.2 an ambaci ƙatuwar da ta damƙe Reiner ba tare da an faɗi ko wace ce ba, domin sunanta ba zai ƙara wa hujjar komai ba.

Shi ma mai kallo yana da nasa nauyin. Idan an yi gargaɗi a fili ya ci gaba da karatu, ba shi da bakin kuka. Haka nan bai dace ya hana masu karatu tattauna abin da suka karanta a tsakaninsu ba.

4.6 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa tazarar da ke tsakanin mai karanta manga da mai kallon anime ta samo asali ne daga bambancin saurin fitowarsu, kuma a Shingeki no Kyojin ta kai shekara huɗu a kan sirri guda. An kuma nuna cewa Isayama ya tsara labarinsa don kallo biyu, kuma kwarmato yana kashe na farko ne, wanda ba ya maimaituwa. An kawo ire-iren kwarmato huɗu, tare da sharuɗɗan da za su ba manazarci damar yin aikinsa ba tare da ya shiga haƙƙin wanda yake baya ba. Waɗannan sharuɗɗa su ne za a ci gaba da bi a sauran wannan kundi a duk inda aka taɓa zubin labarin.