Hoto da Rubutu a Littafin Yara: Nazari a Kan Aikin Maurice Sendak

Manazarta adabinmu sun saba ɗaukar zane a littafin yara a matsayin ado kawai, wato abin da ake liƙawa bayan marubuci ya gama aikinsa. A wannan 'yar maƙala muna son nuna cewa mai zane shi ma mai ba da labari ne, kuma wani lokaci shi ke riƙe da jigon. Za mu kafa hujja da littafin Where the Wild Things Are na Maurice Sendak (1928-2012), wanda aka buga a Amurka a 1963, ya kuma sami lambar yabo ta Caldecott a 1964.

Labarin gajere ne ƙwarai. Wani yaro mai suna Max ya yi ta ɓarna a gida, mahaifiyarsa ta kora shi ɗaki ba tare da abincin dare ba. Ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya shiga jirgin ruwa ya isa ƙasar dodanni, suka naɗa shi sarki. Daga baya kewar gida ta kama shi, ya komo ya tarar da abincinsa yana jiran sa.

Yadda dodannin suka samu abin lura ne. Da farko dawakai Sendak ya yi niyyar zanawa, sai ya ga hannunsa bai iya doki ba, don haka shi da editarsa, Ursula Nordstrom, suka sauya shawara. Da ya tashi ƙirƙirar dodannin bai je neman su a littattafan wasu ba. Ya tuno da danginsa, Yahudawa 'yan ci-rani daga Turai, waɗanda kan ziyarci gidansu a Brooklyn yana yaro, suna jan kumatunsa, shi kuwa yana ƙare wa haƙoransu da jajayen idanunsu kallo. Wannan ne ya sa dodannin suke da farata da fiƙa, amma a fuskarsu akwai wata wauta irin ta babban mutum mai son wasa da yaro bai iya ba. Tsoron da ke cikinsu an auna shi daidai ƙarfin zuciyar yaro.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne a zubi da tsarin shafuka. Hoton farko ƙarami ne, farar takarda ta kewaye shi ta ko'ina, kamar yadda dokar gida ta kewaye Max. Yayin da fushinsa da tunaninsa ke ƙaruwa, hoton yana faɗaɗa shafi bayan shafi, har ya cika shafi guda, ya tsallaka zuwa na kusa da shi, yana tura rubutu ƙasa. A ƙololuwar labarin, inda Max da dodanni ke shagalinsu, shafuka shida ne a jere babu ko kalma ɗaya. A nan babban da ke karanta wa yaro dole ya yi shiru, yaron ne ke karatu da idonsa. Daga nan hoton ya fara tsukewa, har shafin ƙarshe ya zama 'yan kalmomi ne kurum a kan farar takarda. Mahaifiyar kuwa ba a zana ta ko sau ɗaya ba. Kowane yaro sai ya sa fuskar tasa uwar. Akwai ma wani ɗan zanen dodo a bangon gidan tun a farkon littafin, ɗauke da sunan Max, alamar cewa daga kansa dodannin suka fito. Rubutun bai faɗi haka ba.

Wannan ya kawo mu ga namu Dodon. A tatsuniya, idan kaka ta ambaci Dodo cikin duhun dare, kowane yaro da irin wanda yake gani a ransa. Ranar da aka mayar da tatsuniyar littafi, mai zane ne zai yanke hukunci a madadin yaran duka. Haka lamarin Gizo yake: ƙwaro ne mai ƙafa takwas, ko mutum ne mai riga da hula da mata Ƙoƙi? Baka ta iya barin tambayar a buɗe, alƙalamin zane bai iya ba. Abin takaici, sau da yawa a littattafan yaranmu akan miƙa wa mai zane labarin ne bayan an gama tsara shafuka, a ce ya cike gurbi. Sai ya zana abin da jimla ta riga ta faɗa, ya aro wa Dodo ƙaho da wutsiya daga hotunan shaiɗan na Turawa.

Ba muna cewa a kwaikwayi dodannin Sendak ba, domin na Brooklyn ne, ba su san bakin rijiya ko kukar bayan gari ba. Hanyar aikinsa muke nufi: marubuci da mai zane su zauna tun labari yana ɗanye, su naɗe takardu su yi littafin gwaji, su shawarta wace jimla za a cire domin hoto ya ɗauke ta, da kuma wane shafi ne Dodo zai fara leƙowa.