Expat da Immigrant: Wa Ya Raba Mana Sunan?

Ranar wata Asabar muna cin tuwon shinkafa a gidanmu da ke Mancesta, 'yata mai shekara sha ɗaya ta ɗago kai ta ce, "Baba, mu immigrants ne ko expats?" Wai ƙawarta ce a makaranta ta ce kakanta ya koma Sifen da zama, shi expat ne. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji loma ta tsaya mini.

A ƙamus dai abin ba wuya. Expat gajarta expatriate ne, tushenta Latin: ex, wato waje, da patria, ƙasar uba. Ma'ana, wanda ke zaune a wajen ƙasarsa. Immigrant kuwa wanda ya shigo wata ƙasa ne don ya zauna. Ɗaya tana duban inda ka baro, ɗaya tana duban inda ka sauka. Masu bayani kan ƙara da cewa expat yana da niyyar komawa gida, immigrant kuma ya zo ke nan.

To, mu ɗora wannan a sikeli. Bature ya yi ritaya, ya sayar da gidansa a Ingila, ya sayi wani a bakin teku a Sifen, can yake fatan ya ƙare rayuwarsa. Jaridun nan expat suke ce masa. Likitanmu ya zo aikin asibiti da biza mai wa'adi, duk wata yana tura kuɗin bulo da siminti Kano, hirarsa kullum ranar komawa. Shi ne immigrant. In da gaske niyya ake bi, ai an yi musayar riga.

Kada ka ce launin fata ne kawai. Lokacin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, mutumin Poland mai gyaran famfo, fari fat, immigrant aka yi ta kiransa. Abin da ake aunawa shi ne nauyin fasfonka da arzikin ƙasar da ta ba ka shi. Mu ma mun karɓi wannan karatu: a Nijeriya izinin da kamfani ke nema don ɗauko ma'aikaci daga waje sunansa expatriate quota. Kuma a bakinmu Bature baƙo ne, amma ɗan'uwanmu da ya tsallako daga Nijar yana ga-ruwa ɗan ci-rani ne.

Sai dai kafin mu yi kwaɗayin kalmar, mu tambayi 'yan'uwa da ke Saudiyya. Jaridun can na Turanci kowa expat suke ce masa, daga injiniya har mai sharar titi. Ba girmamawa ba ce. Tuni ne cewa zamanka na iƙama ne, ko an haife ka a Jidda. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ka ga ashe immigrant, duk da ƙurar da 'yan siyasa suka watsa mata, tana ɗauke da abin da expat ba ta da shi: cewa ka zo, ka biya haraji, ka haihu, kana da haƙƙi a wurin.

Shi ya sa ba na jin daɗi in na ji ɗanmu ya samu aikin banki ya fara cewa shi expat ne, don ya bambanta da mai gadi da mai kula da tsofaffi. Jirgi ɗaya ya kawo mu, layi ɗaya muke bi a filin jirgi.

Abin da na gaya wa 'yata shi ne, "Ni dai ɗan ci-rani ne da rani ya yi wa tsawo. In an ce mini immigrant, zan amsa ba kunya. Ke kuwa a nan aka yanke miki cibiya, ba ɗaya da ta dace da ke."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Baba, me ya sa in mun je Kano ake ce mini 'yar Ingila?"