Sulken lissafi da sulken kakanni

Kwanan baya wani ɗalibina a Ƙwanni ya miƙo mini salularsa, rai a ɓace, ya ce sulkensa ya fashe. Na zaci raha yake yi. Ashe jika biyu ya zuba, kuɗin da aka ba shi na littafi, domin ya ƙara wa rigar yaƙin jaruminsa tsari a wani wasan intanet, aka yi rashin sa'a.

Ga yadda abin yake, mai karatu. A irin waɗannan wasanni, inda dubban mutane ke haɗuwa kowa da jaruminsa, kowane sulke yana da lamba. In an yi masa tsafi sau ɗaya sai a rubuta +1, sau biyu +2, kowane ƙari kuma yana rage zafin saran da zai sauka a jikin jarumi. Dabarar ta samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wasan da ya fito a Amurka a 1974. A Lineage II, wanda kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya fitar a 2003, ana kai sulke +3 babu fargaba. Daga nan sai caca, domin in tsafin ya ƙi ci, sulken yakan ruguje ya bar wa mai shi ƴan duwatsu. Wasannin salula da dama sun gaji wannan hanya, suka kuma buɗe kanti inda ake sayar da abin hana fashewa, da kuɗi na gaske.

Mu ma mun san sulke da lifidi da kwalkwali, mun san layu da guraye, mun san ƴan tauri. Ba kare ingancinsu na zo yi ba: a Mayun 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙwanni, babu layar da ta tare harsashi. Abin da nake dubawa shi ne yadda labaranmu suka ɗauki asiri. A wurinmu maganin ƙarfe ba ya zuwa shi kaɗai, da sharaɗinsa yake tafe: abincin da ba a ci, wurin da ba a takawa, sirrin da ba a faɗa wa ko da matar aure. Kowane asiri kuma da makarinsa. Shi ya sa in mai ba da labari ya ce jarumi ƙarfe ba ya cinsa, sai yara su ƙara matsowa, don sun san akwai ranar da zai yi sakaci, ko wani na jikinsa ya tona shi. Ko a filin kokowa, duk yawan layun da ke damtsen ɗan kokowa, ba mai sanin na wa ya fi sai an ga wanda ya sha ƙasa.

Wasan nan ya kwashe wannan duka ya bar lamba tsirara. Mai +7 ya fi mai +5, magana ta ƙare. Ba a tambayar halinsa, ba a tambayar alkawarin da ya riƙe. Sunan tsafi kawai aka ara, cikinsa kuwa kasuwa ce.

Na tambayi ɗalibin nawa ko ya san kashi nawa cikin ɗari ne sulke ke tsira a matakin da nasa ya fashe. Ya ce bai duba ba, amma wani abokinsa a Malbaza ya dace har sau biyu.