Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

A wannan mako muna so mu yi magana da 'yan makaranta a kan wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu ilmi, wato mene ne ya ke sa a dubi aikin hannu a ce ya yi kyau. Abin da ya sa muka ɗauko maganar kuwa, mun lura da zarar yaro ya fara riƙe fensir a aji, aka koya masa ya zana doki ya fito kamar doki, ya zana tulu har da inuwarsa, sai ya ɗauka iyakar gwaninta ke nan. In ya koma gida hutu, ya ga ƙwaryar uwarsa mai zane, ko rigar kakansa mai aska takwas, sai ya ɗauke kai, wai ai waɗannan ba su yi kama da kome ba. To, wannan hukunci da yaron ya yanke shi za mu ɗora a kan sikeli.

Bari mu fara da ƙasar da kayan nan su ke fitowa. Wanda ya fita Kano ta arewa, ya bi ta Ungogo da Minjibir, ko ya nufi Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, zai yi ta tafiya bai ga daji ba. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, sai gawo da ɗorawa da kuka tsaye cikin gero da dawa. Ba a cika barin saura ba, kowace shekara sai an noma, shi ya sa a dā jakuna suka riƙa jigilar taki cikin mangala daga birni. Wani masanin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa sun buga bincike a 1965 a kan yadda jama'a masu yawa haka su ke ci daga ƙasa kaɗan. Wani sashe na amsar kuwa shi ne sana'ar rani. In an gama girbi, wannan ya kafa masaƙa, wancan ya nufi karofi, wani ya ɗauki allura, wani jima, mata kuma kaɗi da saƙar faifai. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin ƙasar nan suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. Ashe mutanen da yaronmu ya ke raina wa ido, idonsu ya ci kasuwannin duniya tun ba a haifi kakansa ba.

Yanzu sai mu ƙetare zuwa Turai, mu ga yadda aka yi da wannan magana ta kama. Shekaru aru-aru gwanayen zane na can suna tsere a kan wanda zai fi kwaikwayon abin da ido ya ke gani. A 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa. Akwati ya shiga yi cikin ɗan lokaci abin da mai zane ya ke shafe kwanaki yana fama da shi. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa masu zane suka tsaya suka tambayi kansu, in kama ce kaɗai aikinmu, me ya rage mana? A 1907 Pikaso, wani mutumin Sifen mazaunin Faris, ya shiga gidan ajiyar kayan al'adu na Trocadéro, ya ga fuskokin itace da aka kwaso daga ƙasashen Afirka da tsibiran teku. Masassaƙansu ba su damu da hanci ya fito kamar hanci ba, amma duk da haka abin yana da ƙarfin da ya tsayar da shi. A ƙarshen 1911 Kandinski, mutumin Rasha, ya fitar da littafi a Jamus inda ya nuna launi da layi suna iya taɓa rai yadda sauti ya ke yi. Ku duba mana, mai busa algaita ba ya kwaikwayon kukan kowace dabba, amma ya kan sa tsikar jiki ta tashi. A 1914 kuma Clive Bell na Ingila ya tattara ra'ayin wuri ɗaya. A ganinsa abin da ya ke sa aiki ya zama na gwaninta shi ne yadda aka tsara layuka da launuka har suka motsa zuciya, kama kuwa ba ta ƙara kome ba ta rage kome.

A nan mun ba su gaskiya, rigar aska takwas ita ce shaidarmu. Askar nan ba ta aski, ba kuwa wanzamin da zai gane ta a zabirarsa. Dogayen tsinaye ne da suka gangaro ta hagu wajen aljihu, nauyin aikin duk ya karkata can. Da an bar shi haka, da rigar ta yi gurguwa a ido. Sai aka sa tambari, wannan da'ira mai naɗewa, ta dama da kuma baya, don ya riƙe ɗaya gefen. Kaifi a nan, kewaye a can. Cikowa a nan, sarari a can. Sau da yawa malami ne ya ke fara zana fasalin a kan ƙyallen da tawada, sa'an nan maɗinki ya bi da zare ko tsamiya. Hannun nan ne kuma ya ke yi wa allo zayyana ranar saukar karatu. Da ya ke malamanmu sun yi hani ga suranta mai rai, hannun mai zane ya zuba ƙarfinsa duka ga tsari, ga dagi mai shiga yana fita ba a ganin farkonsa, da gidaje, da kusurwoyi. Amma kada wannan ya sa mu cika baki mu ce Turawa daga wurinmu suka koya. Abin da Pikaso ya gani ba na ƙasar Hausa ba ne, hanyar ma ba ɗaya ba ce. Su sun iso ga tsari ta hanyar bijire wa malamansu, kowa yana neman abin da ba a taɓa yi ba. Namu kuwa gado ne, ɗa ya karɓa daga uba, ya ƙara ɗan abin da Allah ya hore masa.

Inda muka rabu da Bell shi ne da ya ce mai kallo ba ya bukatar ya zo da kome na zaman duniya, sai ido mai gane siffa da launi. Tushen wannan ra'ayi yana wajen Kant, malamin Jamus, wanda ya koyar a 1790 cewa hukuncin kyau na gaskiya ba ruwansa da bukata. Mu dai muka auna wannan da kayanmu, sai muka ga bai cika mudu ba. Riga in an shimfiɗa ta a bango rabin kyanta ya tafi, domin an yi aikinta ne don mutum ya sa, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya yi tafiya tana buɗewa tana rufewa. Ɗinkin ma ya taru ne a wuya da bakin aljihu, wuraren da tufa ta ke fara yagewa. Mai zanen ƙwarya, in ya ɗauko ƙarfensa daga wuta, bakin ƙwaryar ya ke fara bi, sa'an nan ya raba jikinta daidai har zuwa gindi, domin ya san za a gan ta a tsaye, a gan ta a kife. Magini ya kan shafe bango da maƙuba, ko da laso wanda a ke haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara, don ruwan damina ya zame. A kan wannan fuska ce ado ya ke zama. A ƙasar da ko shara ba a zubarwa a banza, kyau da amfani uwarsu ɗaya.

Akwai kuma wanda ya zo ta ɗaya gefen, shi ne Adolf Loos, wani mai fasalin gini na birnin Biyana. A 1910 ya yi lacca inda ya haɗa ado da laifi. A ganinsa al'umma tana ci gaba ne gwargwadon yadda ta kankare ado daga kayan amfaninta, domin ado ɓarnar lokaci ne da ƙarfi, mai yinsa kuma ba a biyansa daidai da wahalarsa. Maganar lada tana da ƙamshin gaskiya, kowa ya san watannin da a ke yi a kan riga ɗaya da abin da ya ke shiga aljihun maɗinki. Haka kuma akwai adon da laifi ne ƙwarai, kamar wanda a ke lafta wa ruɓaɓɓen yadi don a rufe idon mai saye, ko aikin keke da a ke cika riga da shi tun daga wuya har ƙasa ba a bar wa ido wurin hutawa ba. Amma Loos ya yi jam'u inda ya kamata ya yi tsinta. Maganin ƙarancin lada shi ne a biya maɗinki hakkinsa. Adon ƙwarai kuwa magana ya ke yi. Da shi a ke gane ranar salla da ranar aiki, a ke gane an girmama baƙo ko amarya.

Saura maganar inji, wadda ta fi duka shafar ƙauyukanmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka yi ta kwararowa. A hankali kwano da langa masu fenti suka ture ƙwarya da akushi daga jeren amarya, daga baya roba ta zo ta ture su. Wasu masana da suka taru a wata cibiya da aka kafa a Frankfurt a 1923 sun maida tankaɗe da rairayar irin wannan sauyi sana'arsu. Walter Benjamin, wanda ya ke tare da su, ya buga maƙala a 1936 yana cewa aikin hannu yana da kwarjini, saboda shi kaɗai ne, yana da wurinsa da tarihinsa, in kuwa inji ya buga dubunsa sai kwarjinin ya dushe. Bai tsaya ga kuka ba, ya ga alheri ciki, domin abin da dā sai mai hali yanzu ya iso hannun talaka. Mu ma mun yarda, kwano ba ya neman gyartai. Amma Adorno da Horkheimer, cikin littafinsu da ya fito a 1947, sun yi kashedi cewa in aka maida abin jin daɗin rai hajar masana'anta, mutane su kan saba da abu iri ɗaya har su daina tambaya. Ku dubi furen da ke jikin langa. Ba ya tsiro a gonar kowa a nan, an kuwa buga shi iri ɗaya a babba da ƙarami, ba ruwansa da ƙirar kwanon. Duk da haka sai mu yaba wa mata. Da kwanonin suka shigo ɗaki, su suka jera su a bango, manya da ƙanana, launi yana amsa launi, har jeren kansa ya zama aikin gwaninta. Inji ya karɓe sassaƙa, bai iya karɓe ido ba.

Kada wani ya ce muna hana koyon zanen makaranta. Aina Onabolu na Ikko ya tafi Landan da Faris a 1920 ya koyo zanen kama, ya nuna baƙar fata ma yana iyawa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a zamaninsa. Amma a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce a ɗauki dabarar baƙo a haɗa da fasalin gida. Ladi Kwali kuma, da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin Abuja na dā wanda a ke kira Suleja yanzu, ta koyi sabuwar hanyar gashi ba ta yar da ƙirar tulun garinsu ba. Tukwanenta suka kai Landan, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20. Kayan aro ba ya rufe katara, sai an haɗa da na gida.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, in aka ajiye muku aikin hannu, na birni ko na ƙauye, na Bature ko na Bahaushe, ga tambayoyi 3 da za ku yi masa. Na farko, adon ya bi jikin abin, ko manna shi aka yi? Na biyu, ya taimaki aikin da aka yi abin dominsa, ko ya tare masa hanya? Na uku, mai yinsa ya san inda zai tsaya? Da wannan ma'auni za ku tarar ba kowane tsohon abu ne mai kyau ba, ba kuwa kowane sabo ne na banza ba. Abin da ya sa muka matsa, ku ne gobe za ku zama malamai da masu saye da masu ba da aiki. Sana'o'in nan kuwa yawancinsu a hannu su ke, ba a takarda ba. Duk gwanin da ya rasu bai bar almajiri ba, ya tafi da saninsa. In hutu ya zo, kowa ya nemi masaƙi ko magini ko mai zanen ƙwarya na garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi sunan kowane zane da dalilin sa shi inda aka sa shi, ya rubuta, ya kwafi fasalin a littafinsa. Allah ya ba mu idon ganin kimar abin da ke hannunmu, amin.